Ƙarfen Injin Ban Ruwa

To, kai da kake ɗokin rabuwa da injinka na hannu, zauna ka ji. An yi wani mai sassaƙa ƙarfe da ya gaji injin hannu wurin mahaifinsa, irin wanda ake murɗawa a hankali, a ci ƙarfe kaɗan, a gwada, a ƙara ci har ya zauna daram. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayo mai kwamfuta, wanda in an ba shi awo zai zubo maka ɗari iri ɗaya kafin ka sha ruwa. Mutumin nan ya ga banza, ya kira 'yan gwangwan suka farfasa tsohon suka ɗora a sikeli. Ko waiwaye bai yi ba.

Ana nan, tsakiyar rani, sai ga ƙaninsa daga fadama, ido ya yi zuru-zuru. Sandar da ke juya injin ban ruwansa ta cinye, ga albasa ta fara ƙwai, injin kuwa tsohon yayi ne, babu kayansa a kasuwa. Ya ce, "Yaya, in ba ruwa, shekarata ta tafi." Yayan ya bugi ƙirji. Aka auna tsohuwar sandar, aka jira mai shigar da awo cikin kwamfuta ya zo daga birni, na'ura ta fitar da sabuwa tana ƙyalli. Wayyo! Ashe cinyayyen ƙarfe aka auna, ita kuwa na'ura ba ruwanta, abin da aka faɗa mata ta yi, har da cinyewar. Aka ɗaura, sanda na rawa, ruwa ya ƙi hawa. Aka koma jiran mai awo, ya zo, ba wuta. Shi kuwa yayan, hannunsa har ƙaiƙayi yake, don ya san da injin babansa yana nan, da aikin yini guda ne. Ranar da sandar kirki ta isa fadama, ganye ya riga ya kwanta, ƙasa ta dare. Ƙanin ya tsuguna yana tsintar busasshiyar albasa. Yayan ya tsaya bakin gona riƙe da ƙarfensa, hawaye na zuba.

Na'urar ba ta yi laifi ba, aikin dubu nata ne. Amma guda ɗayan nan da ba shi da ɗan'uwa, hannu yake so. Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.