Mai Kayarwa Ya Tayar

Kin ce tsufa ya kwashe mahaifinki kaf, bai bar miki komai ba sai gangar jiki a kan kujera. Share hawayenki, 'yata, ki ji wani misali.

A Amurka suna da wata ƙwallo mai siffar gwanda, wadda rungumar ta ake yi a sheƙa da gudu, ƙarti sanye da hulunan kwano suna bin mutum su maka shi da ƙasa. Su dai suka ga za su iya. To, a wannan wasa an yi wani mai gudu da ƙwallo, gajere, mai zafin nama, ga saurin fushi. A ƙungiyar da suke hamayya da ita kuma akwai wani mai tsaro, irin wanda ke tsayawa bayan sahun gaba, layinbaka suke ce masa. Aikinsa shi ne duk inda mai gudu ya hango kafa, ya riga shi zuwa. Shekara da shekaru suna karawa, kuma sau tari mai gudun nan sai dai ya tsinci kansa a kwance, numfashi ya ɗauke, yana kallon sama ta tsakanin ƙarafan hularsa. Kayen bai dame shi ba, kaye ai sana'arsu ce. Abin da ke ci masa rai shi ne, kafin ya gama gane gabas da yamma, sai ya ga ƙaton hannu a gabansa, tafi a buɗe. Mai tsaron nan bai taɓa kayar da mutum ya wuce ba. Sai ya sunkuya ya ɗaga shi, ya ɗan bubbuga masa hula, sannan ya koma wurinsa. Abokan wasansa sun yi masa tsiya har sun gaji, mai horar da su ya yi faɗa, wai ana yaƙi shi yana sada zumunci. Ko a jikinsa. Shi kuwa mai gudu ɗauka yake raini ne, har rannan ya buge hannun a gaban dubban 'yan kallo. Da aka sake kayar da shi hannun ya sake zuwa, ala tilas ya kama.

Kwanci-tashi ƙarfi ya ƙare, kowa ya rataye hularsa. Mai gudu ya fita da ciwon gwiwa. Mai tsaro kuwa, karon da ya yi ta yi da kai tun yana saurayi ya taru ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Da farko makulli yake mantawa, sai hanyar gida, sai sunayen 'ya'yansa. Ana nan ya zame a banɗaki, ƙugu ya karye. Likitoci suka yi aiki, ƙashi ya haɗe, amma mutumin ya ƙi tashi. Suka gaya wa matarsa gaskiya, cewa in bai miƙe ya taka ƙasa da wuri ba, jijiyoyi za su saki, shi da tafiya kuma har abada. Ta yi lallashi, 'ya'ya sun yi, an kawo masa kofunan da ya ci da tsohuwar rigarsa mai lamba, yana kallon su kamar kayan wani.

Labari ya kai kunnen mai gudu. Ya yi ta jan ƙafa, don a ganinsa wanda ya manta 'ya'yan cikinsa ina zai tuna abokin hamayya? Amma abin ya tsaya masa a rai, ya shirya ya tafi. Ya tarar da ƙaton nan da a da ke sa shi fargaba ya rame, yana zaune a keken marasa lafiya, bargo a cinya, hannuwa a kan bargo. Tausayi ya kama shi. Ya faɗa masa sunansa. Ya tuna masa wasannin da suka buga, mai tsaro sai kallonsa yake kamar baƙo. Matar ta ce, "Kada ka ji komai, ni ma haka yake kallona." Mai gudu ya daɗe yana duban hannuwan nan. Sai ya jingine sandarsa, ya dafa gado, ya lallaɓa da gwiwoyinsa masu ciwo ya kwanta rigingine a ƙasa, ɗan nesa da keken. Matar ta yunƙura za ta ɗaga shi, ya yi mata alama ta bari.

Mai tsaro ya dube shi. Fuskarsa ba ta nuna ya gane kowa ba, amma sai bargo ya zame. Ya dafa keke ya yunƙura, ya koma, ya sake yunƙurawa, ƙafafu na karkarwa, ya miƙe. Ya ja ƙafa ɗaya, ya ja ɗayar, matar na tare shi ta baya, har ya iso kan mutumin da ke kwance. Ya sunkuya iya yadda ƙugu ya bari, ya miƙa hannu, tafi a buɗe. Mai gudu ya kama yana hawaye, ɗaya hannun yana tokare ƙasa don kada nauyinsa ya jawo shi. Da ya miƙe, mai tsaro ya ɗan bubbuga masa furfura, daidai inda hula take zama. Daga ranar kullum sai mai gudu ya zo ya kwanta, ɗayan ya taso ya ɗaga shi, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, har mai tsaro ya koma takawa da ƙafarsa. Sunan baƙon nasa kuwa bai taɓa tunawa ba.

To, 'yata, ki daina tambayar mahaifinki ko ya gane ki. Mutumin da tun muna samari ba ya iya kai loma baki wani na zaune bai ce masa bismilla ba, gobe in kin kai masa tuwo ki zauna kusa da shi babu naki kwanon, ki ga abin da zai yi da nasa. Hausawa suka ce, hali zanen dutse ne, ba mai iya shafe shi.