Kurtun da ya gasa takalminsa

Tunda ka ce kai dai burinka a ga aikinka a yaba, zauna in ba ka misalin wani kurtun soja. Rana ɗaya aka ba su takalma shi da abokinsa, na baƙar fata mai kauri, masu igiya har sama da idon sawu. Abokin ɗan dukawa ne, ya san halin fata. In sun dawo daga atisaye sai ya zare igiya, ya kankare laka da tsinke, ya cusa busasshiyar ciyawa a ciki, ya ajiye a inuwa. In takalmin ya sha iska ya bi ɗinkin da man kaɗe, da yatsa, a hankali. Nasa bai taɓa wani ƙyalli ba, kullum saje na harararsa. Shi kuwa gogan naka yabo yake nema. Wani ya koya masa dabara: ya lafta baƙin man goge takalmi, ya ɗora cokali a wuta, ya yi ta guga har man ya narke ya shige fatar. Sai ga takalmi kamar madubi. Ranar fareti saje ya tsaya a gabansa ya ce, "Ku dubi ƙafar wannan, ku ji kunya!" Shi ke nan, kai ya kumbura, kullum cokali na kan wuta. Wata rana abokin ya lanƙwasa takalmin, ya ji yana ƙara. Ya ce, "Ɗan'uwa, fata ko ta mutu tana jin ƙishirwa. Kai gasa ta kake yi." Gogan naka ya ce masa hassada ce kawai.

Da damina ta yi nisa aka tura su daji, tafiyar kwana tara a ƙasa cikin fadama. A rana ta biyu fatar takalmin gogan naka ta tsage daidai inda yatsu ke lanƙwasawa, ruwa da yashi suka samu ƙofa. Bakin tsagar ya yi kaifi, kowane taku sai ya yanke shi. Ya ci gaba da tafiya a haka. Mutumin da aka yi kwatance da ƙafarsa a gaban jama'a, ina zai iya buɗe baki ya ce takalmi ya ci amanarsa? Ya dinga ɗingishi yana cewa ƙaya ce, har wari ya tona masa asiri. Da wuƙa aka farke takalmin, don ƙafar ta kumbura ta cika shi. Kafin a fito da shi daga daji a kai shi asibiti ruɓa ta ci gaba, likita ya yanke rabin ƙafar dama. Aka sallame shi daga aiki, ko kofur bai zama ba. Bara na gan shi a tashar mota yana dogara sanda, yana gadin kayan fasinja. Wallahi tausayi ya hana ni ƙarasawa in gaishe shi. Abin da Hausawa ke faɗa ke nan: garin neman gira, an rasa ido.