Hayar da Babu Takarda

Ranar da Mai Katifa ya yaye tamfol daga kan motarsa, har gizo-gizo ya yi saƙa a madubi. Shekara biyu tana ajiye a bayan shagonsa, shuɗiya, lafiyarta ƙalau, amma ba ya hawa. In an tambaye shi sai ya ce mai ya yi tsada.

Wanda ya zo neman haya wani dattijo ne siriri, mai gyaran keken ɗinki, wanda bai daɗe da kama shago a layin ba. Kwana uku kawai yake so. Ya zagaya motar a hankali, ya tsaya a gabanta ta hagu, ya daɗe yana shafa fentin kamar mai taya akuya a kasuwa. Bai nemi ragi ba. Abin da aka yanka masa, shi ya biya.

"Mu rubuta wani abu ne?" in ji dattijon.

"Haba malam, takarda tsakanin manya?" Mai Katifa ya danƙa masa makulli. Shi dama ba ya son duk abin da zai sa a riƙa rubuta lambar motar nan.

Kwana uku suka cika, mako ya zagayo. Wayar dattijo tana shiga, ba a ɗauka. Shagonsa kuwa da kwaɗo.

A gida matarsa ta samu abin yi. "Baban yara, ni da na roƙe ka ka kai ni asibiti da ita, cewa ka yi ba mai. Ashe bare ake tara wa man."

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ƙona masa rai shi ne ranar da yana cikin bas ya hango dattijon a bakin titi, ya harɗe ƙafa yana shan shayi. Suka haɗa ido. Dattijon ya ɗaga masa kofi, kamar mai cewa bismillah. Kafin direba ya samu wurin tsayawa, dattijo ya ɓace, sai bencin da ya zauna a kai.

Tun daga ranar, mota ta koma ƙaramar magana. Abin da Mai Katifa yake so shi ne ya ga tsohon nan da ankwa a hannu, ya kai masa ziyara gidan yari, shi ma ya ɗaga masa kofi.

Maƙwabcinsa, tsohon akawun kotu, ya yi ƙoƙarin kwantar da shi. "Wannan ba sata ba ce, kai ka miƙa makulli da hannunka. Babu takarda, babu shaida. Gobe in ya ce tare kuke amfani da ita, wa zai ƙaryata shi? Ka bi a sannu."

Amma mai fushi ba ya jin kira. Washegari da hantsi, mutumin da ya saba canza hanya in ya hango ɗan sanda, ya shiga caji ofis da ƙafarsa.

Sajan da ke kan tebur ya saurare shi tsaf, ya buɗe wani fayil, ya ce sun riga sun ji ta bakin dattijon. "Cewa ya yi shi direbanka ne tun tuni, motar a hannunsa take kwana."

Mai Katifa ya miƙe har kujera ta faɗi. "Direbana? Yallaɓai, wallahi ban taɓa ɗaukar direba ba! Tun da na saye ta ba wanda ya taɓa riƙe sitiyarin nan sai ni. Ko ƙanena ban taɓa ba aro ba."

"To, rubuta haka. Ka kuma faɗi alamomin da ke jikinta, waɗanda mai ita kaɗai zai sani."

Ya rubuta, biro har yana huda takarda. Ya faɗi yagewar kujerar baya, ya faɗi ƙofar da ba ta buɗuwa sai an ɗaga. Da ya zo kan fitilar hagu da sabon fenti, hannunsa ya ɗan tsaya. Sai ya tuna kofin shayin nan. Ya rubuta cewa shi da kansa ya gogi katanga, da damina, shekara biyu da suka wuce. Ya sa hannu, ya dangwala yatsa.

"Yanzu sai ku kamo shi."

"Ai yana nan," in ji sajan.

Suka fita ta ƙofar baya. Ga motar a ƙarƙashin bishiya, an kankare fentin gabanta har tsohuwar lanƙwasar ta fito. Ga dattijon zaune a gefe, ba ankwa, ba mai tsaronsa. Ya miƙe a hankali, ya gyara hularsa.

"Motar na kawo musu tun ranar da ka ba ni, suka ce saura a san wanda yake tuƙi," in ji shi. "Ni ne mijin mai sharar titin nan da ka buge da safe ana ruwa, ka leƙo ta taga ka gan ta tana numfashi, ka ja motarka ka tafi."