Fasinjan Guna

Layin Sha'ibu ne ranar. Motonsa ne a gaba, ƙarƙashin itacen bedin da 'yan kabu-kabu, masu haya da babur, ke tsayawa a bakin kasuwa. Shi ne dattijon tashar. Ba ya gudu, ba ya hira da fasinja, kuma ba ya ɗora yaro a kan tanki, ko da uwar za ta yi ta roƙo.

Bayan azahar wani mutum ya doso su, rawani ya rufe masa fuska sai ido. Ya ce garin Guna za shi. Sha'ibu na tsugune yana taɓa tayar gaba. Bai miƙe ba.

"Angon ƙarni, ɗauki," ya ce wa Fahad, ɗaya daga cikin 'yan tashar.

Ba wanda ya yi mamaki. Al'adar tashar ce, in matar mutum ta haihu, manya kan bar masa layinsu har ranar suna, ya samu na rago. Matar Fahad kuwa shekaranjiya ta sauka. Fahad ya yi dariya, ya ce, "Allah ya bar mana kai, Baba," ya tada moto.

Masu amalanke ne suka tsinci Fahad kafin la'asar, a gefen wata gonar gero, kai a fashe, hannun dama a karye. Moton ya tafi.

Sha'ibu ne ya fara isa asibiti. Shi ya riƙe shi aka ɗinke kan. Kullum da safe sai ya kawo kunu, ya zauna bakin gado. Motonsa ma ya ba ƙanen Fahad ya riƙa aiki da shi, kada tukunyar mai jego ta sauka. Shi kuwa ya koma tafiya a ƙasa.

'Yan tasha suka yi ta ba shi haƙuri. Ɗan'auta, mai yawan ba'a, har ya ce, "Baba, alheri ka yi, ba kai ka sare shi ba. Ka ci abinci mana, kana neman komawa kara." Sha'ibu ya kau da kai.

A gida matarsa Shatu ta lura ya daina zama a zaure. In an taɓa ƙofa sai ya zabura. Ba ta tambaye shi ba.

Da Fahad ya iya magana, jandarma ya zo. Ya ce in an san mutumin da wuri, ana iya tarar da moton kafin ya ƙetare iyaka. In ya ƙetare, sai haƙuri.

Fahad ya ce bai ga fuska ba. Abu ɗaya ya riƙe: da mutumin ya sauka wai zai kama ruwa, ya ga yana jan ƙafar hagu, tafin a karkace.

Jandarman ya juyo wurin Sha'ibu. "Malam, an ce wurinka ya fara zuwa. Me ka gani?"

Fahad ya zuba masa ido daga kan gado. Moton nan shi ne gonarsa, shi ne shagonsa.

"Ban ɗaga kai ba," in ji Sha'ibu.

Ba ƙarya ya yi ba.

Ranar suna aka kawo Fahad gida, hannu a rataye. 'Yan tasha ne suka haɗa aka sayi ragon. Liman ya yi addu'a, sannan ya faɗi sunan yaro: Sha'ibu. Maza suka juyo suna murmushi. Fahad ya matso ya ce, "Baba, ga takwaranka. Allah ya sa ya ɗauko halinka."

Aka fito da jaririn, aka ɗora masa a hannu. Zanen ya zame, ƙananan ƙafafu suka bayyana, lafiyayyu, suna harbin iska. Sha'ibu ya daɗe yana kallonsu. Ya miƙa yaron, ya sa takalmi, bai jira nama ba.

Ya bi hanyar jandarmari a ƙasa, ya tsaya a bakin ƙofa, rana na dukansa.

Ranar da mai rawanin ya zo, bai buƙaci ɗaga kai ba. Tun daga nesa ya gane takun, don shi da kansa ya karya ƙafar nan, ranar da ɗansa Adam, yana ƙarami, ya suɓuce masa daga kan tanki.