Ɓerayen da Ba a Raba Irinsu Ba

Ka ce ba za ka nuna wa kowa aikinka ba sai ka gama? To zauna ka ji. An yi wani masanin garkuwar jiki, mutum mai kai, wannan kam ba a hana shi. Shekara da shekaru yana haɗa fararen ɓeraye aure a ɗakin bincike, har Allah ya ba shi wani iri da ake haifa ba su da garkuwa ko ta anini. Da irin waɗannan ake gane yadda jiki ke yaƙar cuta, a gwada magani a kansu kafin a kai ga mutum. Da yake iskar waje ma kashe su take yi, ya ƙera musu akwatin gilashi mai injin tace iska. Al'adar masu wannan aiki kuwa, wanda ya samu sabon iri yakan ba abokan aiki ɓeraye biyu, mace da namiji, su kiwata a wani gari, don ko na hannunsa sun mutu, iri bai ƙare ba. Shi fa ya ce atafau. Tun yana saurayi malaminsa ya taɓa ɗauke masa aiki ya sa sunansa, abin bai bar ransa ba. Wata likitar yara ta yi tattaki ta roƙe shi biyu kacal don gwajin wani maganin yara, ya ce mata, "Hajiya, ni na sha wuyar, ni zan ci daɗin." Ko mai shara bai yarda ya shiga ɗakin ba, makulli kullum yana aljihunsa.

Rannan zazzaɓi ya kayar da shi, aka kwashe shi sai asibiti bai san inda kansa yake ba. Injin ya tsaya. Abokan aiki suna wucewa ta ƙofar, amma wa zai fasa ɗakin mutumin da ke kallon kowa ɓarawo? Da ya samu sauƙi ya lallaɓo ya buɗe, wari ne ya fara tarbarsa. Ko ɗaya bai yi rai ba. Wayyo, bawan Allah ya zauna a ƙasa da furfurarsa yana kuka kamar yaro. Ya bi garuruwa a waya yana cigiyar ko wani na da irin, har likitar nan ya kira. Ta ce, "Malam, ai ba ka ba kowa ba." Abin takaici, maganin da yara ke jira ya bi ɓerayen, kuma ko jaje ba wanda ya zo masa. Hausawa sun gama magana: kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.