Tsohuwar Kwamfuta a Hannun Mai Gyaran Agogo

Tunda ka ce abin hannunka ya tsufa, ba zai ƙara kai ka ko'ina ba, gyara zama in ba ka misali.

A wani gari da ke bakin kogi, an yi wata injiniyar ruwa da manoman shinkafa suka ɗora wa nauyi guda. So suke ta nuna musu inda za su tayar da jinga kafin kogin ya cika, domin a shekarar da ta wuce ambaliya ta cinye gonakinsu har da gidaje goma sha ɗaya. Buhunan yashin da suka tara ba za su ishi gaɓar duka ba, dole a san inda ruwan zai fara ɓallewa. Ta auna ƙasa, ta tattara bayanan ruwan shekarun baya, amma abin aikinta kaɗai wata tsohuwar kwamfutar tebur ce da fentinta ya koɗe, wadda kan kwana uku tana nishi kafin ta fitar da taswira ɗaya. Taswira goma sha biyu take bukata, tsofaffin masunta kuwa sun ce bai fi mako biyar ya rage ba. Sai ta ji labarin ana iya ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda masu ƙera ta suka saita. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, faɗinta bai wuce na akwatin ashana ba. Mai gyaran da ta fara kai wa ya tura lambobin saitin gudun duka har ƙarshe a zama ɗaya. Kwamfutar ta zabura kamar an tsikare ta, fankarta na kuka, minti ashirin ba su cika ba ta ɗauke ɗif, tana warin ƙonanniyar roba. Matar ta rungume ta a keke napep, akwatin na ƙona mata cinya, tana jin kamar alƙawarin da ta yi wa mutane ne ya ƙone.

Aka kwatanta mata wani dattijo a layin 'yan rediyo, wanda ya shekara talatin yana gyaran agogo kafin wayar hannu ta kashe sana'ar, ya koma kan kwamfuta. Da ya kunna ya ga da sauran rai, bai taɓa lamba ko ɗaya ba. Ya buɗe cikinta, ya share ƙurar da ta dunƙule kamar auduga, ya bi faifan da komai ke maƙale a jikinsa da tabarau, ya canza wasu ƙananan gwangwanaye biyu da suka kumbura. Ya kankare busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke zuƙe zafinta, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, ya ɗaura babbar fanka. Sannan ya shiga shafin saiti, ya ƙara gudun taki ɗaya tak, ya ɗora mata lissafi mai nauyi, ya naɗe hannu yana kallon ma'aunin zafi. Sai bayan la'asar ya ƙara wani takin. Da kwamfutar ta fara tangaɗi, ya ƙara mata wuta ɗan ƙiris, irin yadda ake ƙara gishiri a miyar da ta kusa daidai. Matar tana zaune a benci, tana kallon hadarin da ke haɗuwa a gabas, kowace sa'a tana ci mata rai. A rana ta uku allon ya daskare. Ita ta miƙe zumbur, shi kuwa ya yi murmushi kamar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema, ya ja lambar baya taki biyu. Ta roƙe shi ya bar ta a saman, ko don a ci lokaci.

"'Yata," in ji shi, "mun zo ne mu ga bakin rijiya, ba mu shimfiɗa tabarma a kansa ba."

Ta mayar da kwamfutar ofis. Aikin kwana uku ya koma na kwana biyu. Mako uku da 'yan kwanaki na'urar tana aiki babu tsayawa, ba ta ko yi tuntuɓe ba. Matar takan ɗora tafin hannunta a jikin akwatin ta ji ɗumi kawai, irin na goshin mai lafiya, tana mamakin yadda ƙarfin nan ya shekara goma sha biyu a kwance cikin ɗan abin nan, ba wanda ya san yadda ake tashinsa. Taswirar ƙarshe ba ta nuna kwanar kogin da ke bayan kasuwa wadda kowa ke tsoro ba. Wani kwari ta nuna a bayan gonar mangwaro, inda ba wanda ya taɓa zato. Can aka jibge buhunan. Ranar da kogin ya iso, jajawur, ɗauke da itatuwa da tsibiran ciyawa, ta tsaya a kan jingar tare da manoman. Ruwan ya yi ta hawa har ya rage kamu ɗaya ya tsallake, ya tsaya a nan yana lasar buhunan, a bayansu kuma shinkafa na kaɗawa kore shar. Kowa sai tasbihi yake yi a ƙasan harshe.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.