Wutsiyar Motar Clarrie

"Noelene, wannan wutsiyar za ta tsaga iska, shan mai ya ragu!" in ji Clarrie, yana ɗaure kwanon rufin akurkin kaji a bayan motarsa. Wutsiyar ta ninka motar tsawo.

"To injiniya, sayo mana burodi," in ji matarsa Noelene.

Ya bar garinsu Ceduna da ke kudancin Ostareliya, ya nufi gabas. Shiru har mako uku. Noelene ta yi cigiya har ta gaji.

Kwatsam sai ga motar daga yamma, buɗu-buɗu da ƙura.

"Gidan uban wa ka shiga?"

"Wutsiyar ce ta hana ni juya mota, sai na zagayo Ostareliya. Amma fa ba ta shan mai!"

"Burodin fa?"

Clarrie ya dafe kai, ya dubi gabas, ya sake tayar da mota.